Umma ta ce tana cin riba a kunun aya, lissafina ya ce faɗuwa take yi. Wa ke da gaskiya?

Dalibin_Akanta:
Assalamu alaikum. Ina ajin farko a foliteknik, akanta nake karantawa. Wannan zangon aka fara koya mana yadda ake lissafa abin da aka kashe kafin kaya su fito, sai na ɗauki biro na zauna da Ummanmu, wadda ta fi shekara bakwai tana yin kunun aya a gida nan Kano.

Kullum tana ɗura roba 100, kowace naira 300, dubu 30 ke nan. Aya dubu 9, dabino dubu 3, kwakwa 2,500, sukari 1,500, citta da kanumfari 500, markaɗe dubu 1, robobi dubu 3, ƙanƙara dubu 2, ruwa 500, yaron da ke kaiwa shaguna dubu 2. Duka dubu 25. A wajenta ribarta dubu 5 ce a rana, kwana 26 a wata, dubu 130.

Ni kuma na ci gaba. Firizar da ta saya dubu 300 na raba ta a shekara biyar, dubu 5 a wata. Kuɗin wuta dubu 15. Ɗakin da ake aikin, da haya aka ba da shi zai kawo dubu 10 a wata. Na yanka mata albashi mafi ƙanƙanta, dubu 70, ƙannena mata biyu da ke taya ta kuma dubu 20 kowacce. Jimilla dubu 140. Wato tana faɗuwar dubu 10 duk wata. Da na nuna mata sai ta dube ni ta ce, to da me aka biya kuɗin makarantarka? Na rasa amsa. Don Allah masana ku raba mana gardama.

Hajiya_Mai_Zobo:
Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifiyarka ce da gaskiya. Shekara goma sha biyu ina zobo da kunun zaƙi, da su na aurar da 'ya'ya biyu. Wanda yake faɗuwa ba ya shekara bakwai a sana'a, uwar kuɗin ce za ta narke ya zauna. Kuma ka yi a hankali da yadda kake gaya wa uwa cewa wahalarta ba ta da amfani, ko da takarda ce ta faɗa.

Akawu_Zariya:
Ƙanina, kai da Umma ba tambaya ɗaya kuke amsawa ba, shi ya sa kuka saɓa. Kuma lissafinka ya haɗa abu uku a tukunya ɗaya. Bari in rarraba.

Akwai kuɗin da ke tafiya da yawan kaya: aya, dabino, roba, ladan yaro. Ta yi roba 50 su ragu, ta yi 200 su ninka. A lissafin Umma, kowace roba tana cin 250, ana sayar da ita 300, saura 50. Wannan hamsin ɗin ba riba ba ce tukuna, gudummawar da kowace roba ke bayarwa ce.

Sai kuɗin da ba ruwansa da yawan kaya: wuta da tsufan firiza, dubu 20 a wata. Ko roba ɗaya ba a yi ba suna nan. Raba dubu 20 da 50, ka samu roba 400. Sai ta sayar da roba 400 a wata, kusan 16 a rana, sannan a tashi canjaras, ba ci ba faɗuwa. Duk abin da ya hau kan haka riba ne. Ita tana yin 2,600 a wata, ta wuce wurin nesa ba kusa ba. Ribarta a littafin akanta dubu 110 ce, ba 130 ba. Nan Umma ta ɗan yi kuskure, amma kaɗan.

Na ukun, hayar ɗaki da albashinta da na ƙannenka, ba wanda ya zaro su daga aljihu ya biya. Akanta ba ya rubuta su. Masanin tattalin arziki ne ke sa su, don ya amsa wata tambaya daban: da ta yi wani abu da lokacinta da ɗakinta, zai fi mata?

Dalibin_Akanta:
Na gode Yaya. To ai malaminmu ya ce damar da mutum ya sarayar ita ma kuɗi ce da aka kashe, shi ya sa na sa.

Malam_Tattali:
Malaminku bai yi kuskure ba, kai ne ka ɗauko ma'aunin da ba na wurin ba. Na shekara da yawa ina koyar da wannan darasi a sakandare, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tun ajin farko muke faɗa muku ma'anar da Lionel Robbins ya bayar a 1932, cewa ilimin tattalin arziki yana duba yadda mutum ke zaɓi tsakanin buƙatu masu yawa da abin hannu kaɗan wanda za a iya juya shi ta hanyoyi daban-daban. Kalmar da za ka riƙe ita ce zaɓi. Damar da aka sarayar ita ce mafi kyawun abin da mutum zai iya yi da gaske in ya bar wannan, ba abin da doka ta ce a biya ma'aikaci ba.

Dubu 70 ɗin nan da aka sa wa hannu a Yulin 2024 na wanda aka ɗauka aiki ne. Ka tambayi kanka: in Umma ta daina kunun aya gobe, akwai ma'aikatar da ke jiranta da dubu 70? In babu, to me za ta yi? Wataƙila awara, wataƙila ƙuli-ƙuli, wataƙila ta zauna. Abin da awarar za ta kawo mata shi za ka sa. Haka ɗaki: Babanku zai yarda a sa ɗan haya baƙo a cikin gida tsakiyar iyali? In ba zai yarda ba, hayar nan ta dubu 10 babu ita a duniya, kada ka sa ta.

Ummu_Yasmin:
Ni abin da ya ɗaure min kai, ba wanda ya yi maganar kwantai. Duk mai kunun aya ta san ba abin da ya fi shi saurin tsami. Wuta ta ɗauke da zafin nan na Afrilu, kafin la'asar ya fara kumfa. Kana so ka ce min roba 100 duk suna shiga kullum? Ka koma ka tambayi Umma nawa ake dawo mata da su, nawa yaran gida ke sha, nawa ake ba maƙwabta da baƙi.

Dalibin_Akanta:
Anti, na tambaya yanzu. Ta ce wata rana ba ya ragowa, wata rana biyar ko shida. Wanda muke sha a gida kuwa ba ta taɓa ƙirgawa ba.

Akawu_Zariya:
Madalla da Ummu_Yasmin, ta taɓo inda kuɗin ke zurarewa. Roba ɗaya da ta lalace ta tafi da 250, sai an sayar da biyar kafin a maido ta. In shida suka dawo, cinikin ranar ya koma 28,200, abin da ya rage 3,200 maimakon dubu 5. Wannan ya fi kuɗin wuta da firiza ciwo, kuma ba ya cikin takardarka.

Dan_Dawanau:
Ku 'yan boko kuna lissafi kamar farashin aya a tsaye yake. Ni a kasuwar hatsi na tashi. Lokacin kaka aya tana sauka saboda kowa ya kawo, a tsakiyar bazara zuwa damina ta hau, azumi ya zo ta ƙara hawa don kowane gida yana so. Dubu 9 ɗin da ka rubuta na wane wata ne? Da Hajiya za ta iya sayen buhu biyu da kaka ta ajiye a wuri busasshe, ta fi mai awon kwano kullum samun sauƙi. Ribar ɗan kasuwa tun wajen saye take fitowa.

Bamaradiye:
Gaskiya ne Alhaji. Mu nan jihar Maraɗi aya noman kuɗi ce, wajen Agye da Cadawa da Madarunfa, kuma da yawa Najeriya take tafiya. Amma ku tuna mu da sefa muke saidawa, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro guda, ba ta motsi. Da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, manomi nan bai ƙara ko dala ba amma ku can kun ga aya ta yi tsada. Sai kuma iyaka: an rufe ta a Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har farkon 2024. Duk lokacin da aka rufe, kaya ta barauniyar hanya suke bi, kuɗin hanyar kuma mai kunu ce ke biya a ƙarshe.

Dan_Dawanau:
Ka ƙara da kuɗin mota. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta ci gaba da hawa. Kwakwa daga kudu take zuwa, dabino wani daga Jigawa wani ta Agadas. Ba abu ɗaya a robar nan da bai hau mota ba.

Hajiya_Mai_Zobo:
To Alhaji, in na sayi buhu da araha da kaka, watanni suka wuce farashi ya ninka, da wane farashi zan lissafa? Ni da abin da na saya nake yi, kada in ci haram.

Akawu_Zariya:
Hajiya, tambayarki ta fi ta ɗalibin wuya. A rubutun littafi akwai hanyoyi biyu da ƙa'idar akanta ta duniya ta yarda da su, wadda manyan kamfanonin Najeriya suka fara bi tun 2012: ko a ce wanda ya fara shiga sito shi ya fara fita, ko a ɗauki tsaka-tsakin farashin duka. Hanya ta uku, a ce na ƙarshen shiga shi ne farkon fita, an hana ta.

Amma wannan na rubuta abin da ya wuce ne. Wajen yanka farashi, ki dubi abin da za ki biya gobe ki sake cika buhun. In kin saya dubu 60 yanzu ya koma dubu 100, kika sayar a kan lissafin 60, za ki ga kamar kin ci riba, ki je kasuwa kuɗin ya kasa sayo buhu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan yanayi mutane da yawa sun cinye jarinsu suna zaton riba suke ci.

Tela_Fagge:
Abin da ya same ni ke nan da janareta. Na saya, na yi shekara huɗu ina aiki da shi, ban taɓa ware ko sisi don shi ba, kuɗin mai da na gyara kawai nake gani. Ranar da ya mutu gaba ɗaya saura kwana goma sha biyu sallah, ɗinkin mutane jibge a shago. Na je kasuwa na tarar irinsa ya ninka sau biyu da wani abu. Sai da na ci bashi. Don haka ƙanina, dubu 5 ɗin da ka sa wa firiza daidai ne ka sa, amma ya yi kaɗan. Ka je ka tambayi kuɗin sabuwa yau, da shi za ka raba, kuma kuɗin ya riƙa shiga asusu ko adashi, kada ya tsaya a takarda.

Malam_Tattali:
Na yarda da Tela ta fuskar tanadi. Amma in tambayar ita ce ta ci gaba ko ta daina, dubu 300 na firiza sun riga sun tafi, ko ta ci gaba ko ta daina ba za su dawo ba, don haka ba su da ƙuri'a a shawarar. Abin da ke da ƙuri'a shi ne nawa za a sayi firizar a hannunta yau in ta ce za ta sayar. Mutane da yawa suna maƙalewa a sana'ar da ta mutu saboda sun riga sun zuba kuɗi, wannan kuskure ne da ke da babi guda a littafi.

Tela_Fagge:
Malam, a littafi haka ne. Amma wanda ya yi adashin wata goma ya sayi abu ba ya iya kallon kuɗin kamar ba a yi su ba.

Injiniya_Bash:
Ni ban ga dalilin doguwar magana ba. Ta mai da roba 350. Hamsin ɗin nan ta zama ɗari, riba ta ninka, shi ke nan. Har kuɗin da ke kwance a firiza da kaya, da a banki aka sa da ya haifi wani abu, shi ma a sa a lissafi.

Ummu_Yasmin:
Yaya, ba ka taɓa sayar da abin sha ba. A layinmu kaɗai mu huɗu ne masu yi. Ranar da na ƙara hamsin mai shago ya ce in kwashe kayana, akwai mai kawo masa a tsohon farashi. Ga zobo, ga lemon kwalba, ga fiya wata. Mai ƙishirwa ba dole sai kunun aya ba.

Malam_Tattali:
Ku biyun za a iya auna maganarku da lissafi. In ta koma 350, kowace roba tana barin 100. Ko masu saye sun ragu zuwa 50, tana nan a dubu 5 ɗinta, da rabin wahala. In sun ragu zuwa 70, ta samu dubu 7. In suka gudu suka bar 30, ta faɗi zuwa dubu 3. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda masu sayenta ke jin zafin ƙari, kuma kayan da ke da madadi da yawa kamar yadda Ummu_Yasmin ta lissafa, masu sayensu suna saurin gudu. Gishiri ko ya ninka za a saya. Sai dai a lura, ƙanƙara da markaɗe ba sa raguwa daidai da raguwar roba, don haka 250 ɗin zai ɗan hau in aka rage yawa. Ta gwada a shago ɗaya na sati biyu kafin ta taɓa sauran.

Abu_Fatima:
Ina da gyara biyu. Injiniya, kuɗin ruwa na banki ba zaɓi ba ne ga wadda ba za ta karɓe shi ba, don haka bisa ƙa'idar da Malam ya kawo da kansa, ba damar da ta sarayar ba ce. A kwatanta da abin da za ta yi da gaske, kamar ta sayi tumaki biyu ta yi kiwo zuwa layya.

Na biyu, Hajiya_Mai_Zobo, sayar da kaya a farashin yau ba haram ba ne, ko da kin saya da araha, muddin ba ɓoye abinci kika yi don ki ƙuntata wa jama'a ba. Ki duba ma zakkar kayan kasuwanci: mai juya kaya, idan shekara ta zagayo kuma dukiyar ta kai nisabi, yana yi wa kayan kuɗi ne da farashin ranar, ya haɗa da tsabar da ke hannu, ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Kayan aiki irin firiza da kula ba sa shiga. Abin da za a guje wa shi ne ƙara ruwa ko rage cikar roba a ɓoye ana karɓar kuɗin da, wannan ya shiga tauye mudu.

Hajiya_Mai_Zobo:
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi shekara nawa ina cutar kaina a nan.

Yar_Jami'a:
Ku yi haƙuri in dawo da mu kan ƙannensa. Kowa ya yarda a cire albashin Umma da hayar ɗaki, amma yaran nan mata biyu fa? Wankin aya, tacewa, wanke roba, ɗuri, aikin awa uku zuwa huɗu ne. Ni na yi shi a gidanmu, na san lokacin da nake tashi da asuba in tace kafin in tafi makaranta, in yi ta gyangyaɗi a aji. Ba a biya su ko naira ba, amma abin da suka sarayar karatu ne da barci. Don ba a ga kuɗi ya fita ba, ba shi ne ba a kashe komai ba. Kuma ranar da aka aurar da su, dole a ɗauki mai aiki a biya ta, sai dubu 40 ɗin ta fito fili.

Hajiya_Mai_Zobo:
'Yata, ai sana'a suke koya, kuma daga ciki ake musu kayan ɗaki. Wace uwa ce ke biyan 'yarta albashi?

Yar_Jami'a:
Ban ce a biya su ba Mama. Na ce a san da shi, don a san gaskiyar ƙarfin sana'ar in babu su.

Akawu_Zariya:
A nan ina bayan Yar_Jami'a. Cire dubu 40 daga 110, saura 70, kuma ba mu cire kwantai ba. To wannan abin da ya rage, riba za mu kira shi ko ladan aikin Umma? Ibn Khaldun tun ƙarni na 14 yana ganin abin da mutum ke samu ƙimar aikinsa ce. A ƙaramar sana'a irin wannan, mai jari da ma'aikaci mutum ɗaya ne, kuɗin a haɗe suke shigowa. Umma tana kiran duka riba, kai kuma ka cire ladan ka ga ba saura. Amfanin rabawar yana zuwa ranar da za ta faɗaɗa: in ta ɗauki ma'aikata ta koma mai sa ido kawai, akwai abin da zai rage mata? A lissafin yanzu, da ƙyar.

Injiniya_Bash:
To ai maganata ce ta dawo. Farashin ya yi ƙasa.

Dan_Dawanau:
Ko kuma sayen ya yi tsada. Kwakwa 2,500 a rana a wajen mai tebur take saye, na tabbata.

Dalibin_Akanta:
Na karanta wa Umma duk abin da kuka rubuta bayan isha'i. Ta ce a gaida Hajiya_Mai_Zobo da Tela. Maganar asusun firiza ta karɓa, ta ce daga gobe za ta riƙa jefa 400 kullum. Ƙarin farashi ta ƙi, ta ce masu shagon sun yi mata halacci lokacin da Baba ba shi da lafiya, suna biya tun kafin kaya su ƙare. Buhun aya kuma ta ce tana so, amma kuɗinsa a dunƙule ne matsalar, sai dai in kwasar adashinta ta faɗo da kaka. Na ba ƙanwata littafi ta riƙa rubuta wanda ya dawo da wanda aka sha a gida na wata ɗaya. Abin da har yanzu ban gane ba, a jarrabawa in aka ba ni irin wannan, kuɗin wuta a ina zan sa shi? Mitarmu ta kati ce, in firiza ta yi aiki da yawa ya fi saurin ƙarewa, kuma da ita muke kunna fanka da talabijin.

Akawu_Zariya:
A jarrabawa ka sa shi a rukunin masu ruwa biyu, wani ɓangare tsayayye wani mai motsi. A gida kuma ba duka dubu 15 ne na kunu ba. Ku kashe firizar na awa biyu kuna kallon mita, ku kunna ta na awa biyu ku sake dubawa, bambancin shi ne nata.

Ummu_Yasmin:
In an kawo wutar awa huɗu a jere ke nan. Mu yau kwana uku ba mu gan ta ba, ƙanƙarar dubu 3,500 na saya da safe. Dalibi, ka tambayar min Umma a ina take samun ta dubu 2.